Fis Ɗin da Mijina Ya Manta

Anti Elsabé,

Don Allah ki taimake ni, na rasa wanda zan faɗa wa maganar nan. Sau uku ina fara rubuta miki wasiƙa ina yagawa. Shekarata sittin da huɗu, ban taɓa zaton zan kai kukana jarida ba.

Mijina, bari in kira shi Wynand, shekara talatin da takwas ya yi yana aikin lantarki a mahaƙar tama a nan Kathu kafin ya yi ritaya. A unguwarmu ko fitila ta ƙi kamawa a gidan wani, Kawu Wynand ake kira. Muna da tsohuwar tirelar tafi-da-gidanka, wato ɗan ɗakin kwana mai taya, da muke ja da mota kowane Disamba zuwa bakin teku a Hartenbos, kuma fili ɗaya muke kamawa tun 'yarmu Marlize tana rarrafe. Bana ya ce ya gaji da ɗauke wuta tana ɓata mana naman gashi a firji, zai sa wa tirelar batir biyu da inbata, na'urar da ke juya wutar batir ta zama irin ta gida. Wata biyu yana cikin tirelar nan, ina kai masa kofi da busasshen burodi, ina jiyo shi yana fito. Na yi murna ƙwarai, don tun da ya bar aiki ban ga ya sake haka ba.

Ranar Lahadi bayan coci ya kira mu mu ga aiki. Yana kunnawa sai ɗan allon da ke nuna ƙarfin batir ya riƙa hauka, yanzu ya ce a cike, yanzu ya ce ba komai. Wynand ya yi tsaki, ya ɗora laifin a kan kayan zamani, ya tafi hura gawayi. Marlize ma aikin lantarki take yi, shi ya koya mata da hannunsa. Ta ɗaga katakon ƙarƙashin gado ta leƙa. Anti, a gabana fuskar yarinyar nan ta sauya.

Siririyar wayar da ke kai saƙo daga inbata zuwa allo, ya ɗaure ta tamau da manyan wayoyin wuta tun daga farko har ƙarshe, shi ya sa allon ke ruɗewa. Ta ce wannan ma mai sauƙi ne a kan sauran. Ya huda ƙarfen bango ya zura jar waya ba zoben roba, ga hudar daf da akwatin tukunyar gas. Sannan babu fis a jikin batir, ɗan abin nan da ke katse wuta kafin waya ta kama gobara. A kan teburinsa muka tarar da shi cikin kwali, ko buɗewa ba a yi ba. Mutumin da ya taɓa sa Marlize ta kwance aikin yini guda don kawai ta haɗa wayar saƙo da ta wuta!

Daga nan abubuwa suka riƙa dawo mini. Yadda yake kiran karenmu da sunan wanda ya mutu shekara goma da suka wuce. Ranar da ya ɓata a hanyar dawowa daga kantin da yake zuwa kullum, ya ce gyaran titi ne ya juya shi. Shekaranjiya ma da na zo wanke rigar aikinsa na tarar da takarda a aljihu, ya jera matakan aikin ɗaya bayan ɗaya kamar sabon shiga, ya rubuta fis har sau uku ya ja layi a ƙasa. Na mayar da ita aljihun kamar ban gani ba.

Marlize ta rantse 'ya'yanta ba za su kwana a tirelar nan ba. Ta ce in kai shi wurin ƙanwarsa a Kuruman ranar Asabar, ita kuma ta gyara komai a ɓoye. To amma shi kowace waya sai ya manna mata tef ya rubuta sunanta da hannunsa, ta yaya ba zai gane ba? In kuma na faɗa masa, na ƙwace masa abu ɗaya da ya rage yana taƙama da shi. Saura mako uku mu tafi, har ya wanke kujerunmu biyu na zango ya jera su a rana. Shekara arba'in da ɗaya muna tare, ga shi ina ganin yana zame mini a hankali, zuciyata kamar ta fashe. Me zan yi?

Mai Hawaye, Kathu

'Yar'uwata,

Na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma na ji miki ciwo har cikin raina. Amma bari mu fara da abin da ba ya jira. Tirelar nan kada ta motsa a yadda take. Waya tana gogar ƙarfe tafiyar kusan kilomita dubu, ba fis, ga gas a gefe: Marlize tana da gaskiya, ki sa ta cire kan batir yau ɗin nan.

Shawararta ta gyara a ɓoye kuwa, na san ƙauna ce ta kawo ta, kuma da za ta hutar da ku ranar Asabar. Sai dai ranar Lahadi zai ɗaga katakon ya ga ba aikinsa ba ne, ya gane matarsa da 'yarsa sun haɗa kai a bayansa. Wannan ya fi gaskiyar zafi.

Kada kuma ki yanke hukunci a kan abin da ke damunsa. Mantuwa tana da dalilai da yawa, wasu ma magani na kawar da su. Likita ne zai faɗa, don haka ku gan shi kafin tafiya, ku shiga tare.

Yanzu ki koma kan takardar aljihun nan. Gwanin shekara talatin da takwas ba ya rubuta wa kansa fis sau uku sai in ya san kansa ya fara yaudararsa. Mijinki ya riga ki sani. Wata biyun nan da kike jin yana fito, yana ciki shi kaɗai da tsoronsa, yana ɓoye miki kamar yadda kike ɓoye masa.

Ki kai masa kofinsa cikin tirela, ki zauna, ki ajiye takardar da kwalin fis a tsakaninku, ki ce masa kin gani kuma ba inda za ki. In ya yi faɗa, ki bar shi ya yi. Ranar Asabar su sake aikin shi da 'yarsa: ta raba wayoyin, ta sa zoben roba, ta duba komai a ƙarshe. Shi kuma ya rubuta tef, ya ɗaura fis ɗin da hannunsa.

Allah ya ba shi lafiya, ya ba ki ƙarfin zuciya, ya sa kujerun nan biyu su sake ganin teku bana.

Taki,
Anti Elsabé