Maɓallin da ke Bayan Bango

Asabar, 5 ga Afrilu

Yau na kammala. Tarihi ya shaida cewa ni, Musaddiq ɗan Malam Ma'aruf, mai digiri a kimiyyar kwamfuta, na harhaɗa na'ura mai ƙwaƙwalwa da hannuna a cikin birnin Daura, ba tare da agajin kowane mahaluki ba. Kayan daga Kano na tsinto su ɗaya bayan ɗaya, albarkacin bijimin da Baba ya sayar. Da fankar cikinta ta juya, allo ya kawo haske, sai da na ji ƙwalla. Ban bari kowa ya gani ba.

Cikas ɗaya ne: Baba ya zartar da hukuncin cewa a falon cikin gida za ta zauna, ba a shagona na ƙofar gida ba. Dalilinsa ƙanwata Mardiyya. Jarrabawarta ta shiga jami'a ƙarshen watan nan ce, a kwamfuta ake yi, ita kuwa a makarantarsu iyakarta da kwamfuta ta hango ta lulluɓe da zani. Ilimin harhaɗa magunguna take so. Na gabatar da hujjoji na kimiyya: zafi, hayaƙin murhu, yawan hannaye. Ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya ce, “Injiniya, a falo. Ta kowa ce, amma ƙanwarka ce gaba.”

An dai yi sulhu. Bango ɗaya ne tsakanin falo da shagona, akwai kuma ramin tsohuwar wayar eriya. Ya amince in zura wayoyi ta nan, in kafa allo na biyu da kibod a wajena.

Litinin, 7 ga Afrilu

Ta'asa. Mardiyya ta gama darasinta na farko, ta miƙa hannu ta kashe na'urar daga soket, kamar mai kashe dutsen guga. Na yi mata lacca mai gamsarwa a kan illar yanke wuta ga ma'adanar bayanai. Kanta a sunkuye. “Yi haƙuri, Yaya, ban sani ba.” Inna daga madafi ta ce, “Kai dai ka koya mata mana, ka bar wa'azin.”

Ba wa'azi ba ne. Wayar da kai ce.

Alhamis, 10 ga Afrilu

Na samo mafita ta dindindin. Direban motar Kano ya kawo mini saƙona: maɓallin kunnawa na waje, ɗan kewayayye kamar murfin kwalba, da fitila shuɗiya a tsakiya da doguwar waya. Hikimar abin mai sauƙi ce. A jikin babban faifan da ke cikin akwatin akwai wasu 'yan tsinkayen ƙarfe biyu; duk abin da ya haɗa su na ƙiftawar ido, na'ura ta tashi. Maɓallin gaban akwati aikinsa ke nan. Sai na zare wayarsa, na soka ta sabon, na bi da ita ramin bango tare da 'yan'uwanta, na manna shi a ƙarƙashin teburina.

Yanzu na gaban akwati ado ne kawai. Na gaskiyan yana shagona, shagona kuma yana da kwaɗo.

A cikin gida na sanar cewa na sa wa na'urar tsarin kariya na musamman, ni kaɗai ke iya tayar da ita. Ba ƙarya ba ce. A mahangar mantiƙi, ba ƙarya ba ce.

Asabar, 12 ga Afrilu

Tsari ya kankama. Babu mai taɓawa sai da izinina. Natsuwa.

Laraba, 16 ga Afrilu

Wani abu da ban sa a lissafi ba: Mardiyya ba za ta taka ƙofar shagona ba muddin abokaina su Kalilu na ciki, kuma kullum suna ciki, muna buga ƙwallo a allo na biyu. Ba ta kuma tambayata abu sau biyu. Haka ta taso. Sai dai Inna ta leƙo zaure ta ce, “Wai in da hali, a tayar wa yarinyar nan da abin.” Inna ba ta kiran sunana, ni ne ɗan fari, to sai a rasa da wa take, kowa ya yi kamar bai ji ba.

Yau sai dab da magariba na tuna. Ta samu ɗan lokaci. Linzamin kwamfutar har yanzu da hannu biyu take riƙe shi, kibiyar tana tsere mata zuwa kusurwar allo. Na ce, “Ki sassauta, ba akuya ba ce.” Ta yi dariya. Saura kwanaki, za ta goge.

Litinin, 21 ga Afrilu

Katsina. An kira ni ganawar neman aiki a wani kamfanin sadarwa, gobe da safe. Na sauka wajen Jamaluddeen, abokin karatuna. Na shirya jawabi a kan makomar fasaha a Arewa wanda, a ra'ayina, zai girgiza su.

Sai da mota ta wuce Mashi na ji makullin shago yana sukata a aljihu. Kwana ɗaya ne. Babu damuwa.

Talata, 22 ga Afrilu

An ɗage ganawar zuwa Alhamis. Shugaban ya yi tafiya.

Inna ta kira bayan azahar. “Abin nan fa ya ƙi tashi. Yarinyar ta danna, ta danna, shiru. Ga jarrabawa Asabar.” Ina jin muryar Baba a bayanta yana tambaya ko in turo mai gyara.

Abubuwa uku suna kan harshena. Zan iya cewa a ɓalle kwaɗon shago, a duba ƙarƙashin tebur. Zan iya cewa a buɗe akwatin a mayar da ƙaramar waya guda mazauninta, in kwatanta ta waya. Zan iya hawa mota in dawo, tafiyar ba ta kai a kira ta tafiya ba.

Ga abin da na ce: “Wa ya ce ta danna? Ai na yi gargaɗi. Wataƙila ta rikita tsarin kariyar. Kada kowa ya sake taɓawa sai na dawo.”

Inna ta ce, “To.”

Dalilina shi ne, mai gyara zai buɗe akwatin, zai ga wayar, zai bi ta da ido har bango, Baba yana tsaye. Wannan shi ne dalilin. Na nemi wani mai kyan gani in rubuta a nan, ban samu ba.

Laraba, 23 ga Afrilu

Jamaluddeen ya kai ni cin kifi. Ban ji ɗanɗanonsa ba.

Alhamis, 24 ga Afrilu

An yi ganawar. Ba su nemi jawabin ba. Sun ce za su tuntuɓe ni. Da na je tasha an yi hadari mai iska ba ruwa, na ce wa kaina hatsari ne tafiya a haka. Wasu motocin sun tashi.

Juma'a, 25 ga Afrilu

Na iso bayan la'asar. Na yi sallama a falo ba a amsa ba, na ɗaga labule.

Mardiyya tana zaune gaban baƙin allo. Ta buɗe littafin tsofaffin tambayoyi ta jingina shi a jikinsa, hannunta a kan linzami, tana karanta tambaya, ta tura shi a hankali, ta danna, ta juya shafi. Babu kibiya, babu haske. Inna ta ce tun Talata haka take yi, wai don hannunta ya saba.

Ban san tsawon tsayuwata a bakin ƙofar ba.

Abin da ya biyo baya ina jin nauyin rubuta shi, amma kundi ba ya da amfani in ba a faɗa masa ba. Na kwance murfin akwatin. Na hura nan, na taɓa can, na ɗaure fuska irin ta likita. Baba ya jawo kujera yana kallo. Na ce bari in ɗauko sukurdireba a shago. Na buɗe kwaɗo, na sa yatsa ƙarƙashin tebur. Ta bango na ji fankar ta tashi, na ji Inna tana hamdala.

“Allah ya yi maka albarka, Injiniya,” in ji Baba. Ya juya ga Mardiyya: “Kin ga irin ɓarnar gaggawa ko? Ki gode wa yayanki.”

Ta ce, “Na gode, Yaya.”

Ba a jima ba batirin sola ya yi ƙasa, ga wutar gari babu. Ko gwaji ɗaya ba ta kai ƙarshensa ba.

Asabar, 26 ga Afrilu

Na kai Mardiyya cibiyar jarrabawar a babur, can hanyar Zango. Na jira a inuwar dalbejiya da sauran iyaye da yayye, wata mata tana ta jan carbi. Da suka fito na nemi fuskarta. Ta ce tambayoyin ta san su. Kibiyar ce, sai ta nufi amsa ta zarce, sau da yawa ta koma baya ba da niyya ba. Lokaci ya ƙare ta bar kimiyyar sinadarai rabi.

“Alhamdu lillahi dai,” ta ce, ta gyara hijabinta ta hau.

Na tayar da babur muka nufi gida.

Lahadi, 4 ga Mayu

Na ce wa su Kalilu allon nawa ya samu matsala. Ƙarya ta biyu, amma wannan ba ta dame ni ba.

Asabar, 10 ga Mayu

Sakamakon Mardiyya ya shigo wayar Baba. Ta ci, amma makin bai isa abin da take so ba. Kaɗan ya rage, kaɗan ɗin da rabin darasi guda zai cike.

Baba bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Cewa ya yi an sayar da bijimi dominta, ta sa hannu ta lalata abin a makon da aka fi bukatarsa. Wanda bai iya kiyaye umarni ƙarami ba, ina zai iya da magungunan mutane? Ta nemi duk kwas ɗin da makin ya samu, ba zai sake yi mata rajista baɗi ba.

Ina wurin. Ina da kalmomi fiye da kowa a gidan nan. Ko ɗaya ba ta fito ba.

Litinin, 12 ga Mayu

Na sami Mardiyya tana shara a falo da hantsi. Na soma wani dogon bayani a kan ƙaddara da yadda na'urori kan yi tutsu. Ba ta daina sharar ba. Ta sa tsintsiya bayan tebur, ta ɗaga wayoyin da ita a hankali, ta share ƙarƙashinsu.

“Yaya, wannan siririyar baƙar, ranar Alhamis ɗin can ta ƙaru. Kuma kullum sai na ji ƙarar kwaɗonka kafin na'urar ta tashi.”

Na ce, to me ya hana ki faɗa wa Baba tun ranar Talata?

Ta dube ni kamar na yi tambayar yara. “Ƙofarka zai ɓalle fa. A gaban su Yaya Kalilu, a bakin titi. Kuma kana can kana neman aiki.” Ta tattara sharar ta fita.

Ashe tun tana zaune gaban baƙin allon nan ta sani. Da ta ce “na gode, Yaya” ma ta sani.

Laraba, 14 ga Mayu

Bisa nazari na fasaha, doguwar waya da ke ratsa bango tana fuskantar barazanar ɓera da danshin damina. Don haka na yanke shawarar sauya wa maɓallin mazauni. Dalili na fasaha ne zalla.

Na zaɓi bayan azahar, lokacin da Baba ke hutawa a falo da rediyonsa. Wannan kuma daidaituwa ce kawai. Na je shago na ɓanɓaro shi, na dawo na durƙusa a gabansa ina jawo wayar ta ramin, tana fitowa, tana fitowa, har maɓallin ya faɗo a kan tabarma. Na manna shi a saman tebur, dama da kibod, inda hannunta zai kai. Na danna. Fanka ta tashi.

Baba ya rage muryar rediyo. Ya dubi maɓallin, ya dubi ramin, ya dubi na gaban akwati. Ya miƙo sandarsa ya danna wancan ɗin. Ba abin da ya faru.

“Tun yaushe?”

Na faɗa masa.

“Ranar da uwarka ta kira ka fa?”

Na ce yana ƙarƙashin teburina.

Na shirya jin komai. Ya daɗe yana kallon fitilar nan shuɗiya. Sannan ya ɗaga murya: “Mardiyya! Zo nan, uwata.” Da ta zo ta durƙusa ya ce, “Ki ajiye littattafanki da kyau. Baɗi za ki sake zama.” Ni kuma, ba tare da ya waiwayo ba: “Musaddiq, toshe mini rabin ramin nan, iska na shigo da ƙasa.”

Musaddiq. Tun ranar da na karɓo digiri bai kira ni da shi ba.

Asabar, 17 ga Mayu

Kamfanin Katsina shiru. Ba wannan na zauna rubutawa ba.

Su Kalilu sun zo da yamma, an zauna, an ɗauko abin buga ƙwallo. Na sa hannu ƙarƙashin tebur bisa sabo, na taɓo busasshen gam. Kalilu ya ce, “Injiniya, yaya, tsarin kariyar ne ya kare kansa daga gare ka?” Aka yi ta dariya.

Na ƙwanƙwasa bango. Shiru. Na zagaya ta zaure na tsaya a bakin labule. Tana kan sallaya, littafin tambayoyi a gefenta. Sabon tsarin yana da nakasu a fili: dole mutum ya jira. Zan iya wucewa in danna da kaina, taku kaɗan ne.

Na jira ta sallame.

“Malama Mardiyya, in da hali, a tayar mana da abin.”

Ta ce tana da gwaji guda tukuna, in ta gama za ta buga mini bango. Linzamin da hannu ɗaya ta kama shi.

Na koma na shaida wa jama'a cewa na'urar tana kan muhimmin aiki.