Ta Gaban Kawthaung Muke Wucewa

Zuwa ga mahaifiyata,

Ame, ina gaishe ki da kyau. Ya ƙafar taki? Ya 'yata Hnin Wai, ta fara tafiya?

Ni lafiyata ƙalau, kada ki damu. Aikin ba wuya. Ina dafa wa baƙi abinci a jirgin ruwa, su yi iyo a tsibirin Phayam, da yamma a zaga da su tsoffin gidajen Ranong. Takarduna na tsallake iyaka dai har yanzu suna hannun mai jirgin. Kullum sai ya ce, "Bari baƙi su ragu, Thuzar."

Ame, ta gaban garinmu Kawthaung muke wucewa, har ina hango tudun unguwarmu. Jiya na roƙi matuƙinmu, Lung Prasit, ya ɗan matsa kusa. Ya ce, "Yarinya, iyakar ƙasar nan ba ni na shata ta ba."

Ran Asabar da hantsi ki kawo Hnin Wai bakin ruwa. Ba zan gane ku ba, da nisa. Ki dai nuna mata farin jirgin, ki ce uwarta na ciki.

Ki sa mini albarka.

'Yarki,
Thuzar