Ranar da Baban Yara Ya Ga Yatsun Auta

Zuwa ga Yayana,

Bayan sallama da gaisuwa mai tarin yawa, ina fata takardar nan za ta same ka lafiya, kai da iyali. Allah ya ƙara maka sauƙin gwiwar nan, ya raya mana zuri'a. Mu nan lafiya lau, sai kewarku. Inna ta warware, har ta koma faɗan da ta saba, ka san shi ne alamar lafiyarta.

Maganar kujerar da ka ajiye wa Auta a kamfaninka ce ta sa na ɗauki alƙalami. Ka san baban yara ne ya matsa ta bar ɗakin bincike ta koma wajenka, har ya ce ƙarshen wata ta haɗa kayanta. Yarinyar nan duk ta rame, ga shi ba ta iya yi masa musu. Shi kuwa ya tsufa yana walda, aikin da ƙatti biyu ba su ɗauka suna nishi ba, a wurinsa ba aiki ba ne. Ta yi masa bayani har ta gaji: ana shimfiɗa zinare siriri a kan ɗan faranti, a ɗora wata roba mai ɗaukar lantarki, a fitar da 'yan yatsu waɗanda ba su kai kaurin gashi ba. In an ba su wuta cikin ruwan gishiri, robar ta tsuke, yatsa ya lanƙwashe. Ya ce shi dai tun da ta fara bai ga ko ƙusa ba.

To, gani ya kori ji, sai ta roƙa aka bar mu muka shiga. Tun a ƙofa aka hana hoda da turare, aka zura mu cikin farin kaya daga kai har ƙafa, ido kaɗai a waje. Gemun baban yara aka sa masa a raga kamar albasa. Ciki kuma fitila rawaya ce, wai farin haske yana ɓata aikin, kowa ya koma kamar kowa. Na tsaya kallon wata na'ura, shi kuwa ya hango wata gajera mai jiki irin nawa, ya ɗauka ni ce, ya matsa ya fara zuba. Ya ce Farfesar da ake ta yabo, shugabar su Auta, ta mai da 'ya'yan mutane masu gadin farantin da babu komai, kuma da abin arziki ake yi da ba a rufe fuska ba. Ina jin sa daga nesa, ga Auta ta daskare. Yaya, Farfesar ce da kanta.

Baiwar Allah ba ta ji haushi ba. Ta ce yana da gaskiya, bai kamata ya yarda da abin da bai gani ba. Ta zaunar da shi gaban madubin ƙara girma, ta ba shi maɓalli. Ya danna, yatsun suka damƙe wata ƙwayar gilashi. Ya saki, suka buɗe. Can ya tambaya, murya ƙasa-ƙasa saboda kunya, wa ya haɗa zinaren da robar ba walda, ga lanƙwasa, haɗin kuma bai ɓalle ba. Auta ta ce ita ce, bayan ta lalata faranti ba adadi. Sai da aka roƙe shi ya tashi daga kujerar mutane.

Muka fito muka kamo hanya. Muna isa gida ya ce in rubuto maka ka ba wani kujerar, mai hannu irin wannan ba a zaunar da shi yana buga hatimi. Auta ta shige ɗaki ta yi kuka, ni ma na bi ta na taya ta, don daɗi ya cika ni. Ka yi haƙuri, alherinka yana nan a ranmu.

Ka gaishe da Anti, da Babangida, da 'yan biyu. Inna tana gaishe ka, ta ce ka rage gishiri.

Ƙanwarka,
Maman Auta