Esin da Ke Bangon Ɗakin Luba

Zuwa ga Alhaji, mai shagon na'urorin sanyaya ɗaki da ke bakin titi a Gidan Igwai, Sakkwato.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa da girmamawar da ta kamaci yarinya ta yi wa sa'an mahaifinta, ina fatan kana lafiya, da iyali, da kasuwa. Ya muka ji da zafi? Allah Ya sauko mana da damina lafiya.

Ban rubuta sunanka ba, ban rubuta na shagonka ba, domin Inna ta ce ko a takarda yarinya ba ta kama sunan babba. Amma ka san da kai nake. Sunana Saudatu, ɗiyar Malam Umaru malamin firamare, muna zaune a Gidan Dahala. Ni ce yarinyar nan mai farin hijabi da ta laɓe bayan Baba ranar da muka zo shagonka, wadda ka ce wa, "Wagga ɗiya ko magana takai?" Ina yi, Alhaji. A gaban mutane ne muryata ke maƙalewa. Shi ya sa na rubuta, kuma na sa inda kowa zai gani, domin Baba ya zo wurinka ya sake zuwa, kullum da kunya yake dawowa. Bai san na rubuta ba. Idan akwai rashin ladabi a ciki, nawa ne.

Yayata Lubabatu, da muke kira Luba, tana da sikila. Wanda bai zauna da mai sikila ba yana zaton ciwon ƙashi ne kawai. Zafi ya yi yawa, ruwan jikinta ya ƙafe, ciwo ya tashi. Sanyi ya buge ta, ciwo ya tashi. A garin nan kuwa ka san babu tsaka-tsaki: bazara ta gasa mu, lokacin ɗari kuma ruwan randa ya gagari hannu. Da can idan sanyi ya shigo, kaskon garwashi muke sa mata a ɗaki, har likita ya hana saboda ƙirjinta. Shi ya ce wa Baba, in da hali, a nema mata esi irin wanda ke yin sanyi yana kuma yin ɗumi, ƙarami daidai ɗaki, wanda za a tsayar da shi a wuri guda, ba zafi ba sanyi. Halin bai samu ba sai da Baba ya sayar da babur ɗinsa. Yanzu keke-napep yake hawa zuwa makarantarsu a Arkilla, ranar da babu kuɗin hawa ya taka.

Ni kuwa, ba zan ɓoye maka ba, na yi murna irin ta yara. Ina karanta littattafan soyayya, kuma idan ciwon Luba ya tashi ni nake karanta mata don hankalinta ya bar ƙashinta. A cikinsu kowace yarinya in wahalarta ta ƙare, ɗaki take shiga mai labule har ƙasa, sanyin esi da ƙamshin turaren wuta su tarbe ta. Luba takan yi dariya tana riƙe da ƙugu, ta ce, "Gimbiyar littafi, duba shafin gaba, su ba a ɗauke musu wuta ne?" Na ɗauka ranar da esi ya shigo gidanmu mun iso shafin ƙarshe ke nan.

Ga abin da ya faru, ɗaya bayan ɗaya.

Na farko, zaɓi. Mun zo ranar wata Asabar a farkon bazara. Baba ya faɗa maka komai: ciwon, maganar likita, girman ɗakin, har ya auna maka shi da hannu daga teburinka zuwa ƙofa. Ya manta maganar ɗumi, na raɗa masa, ya maimaita maka da ƙarfi. Ka ji. Ka nuna mana wani sabo ƙarami mai ƙarfin doki ɗaya, ka ce shi yana yin duka biyun. Baba ya ɗora hannu a kansa. Sai ka ja shi ciki, ka sa aka kunna wani babba na hannu, ɗan Beljiyam, mai ƙarfin doki biyu, ka tsayar da shi a gabansa har babbar rigarsa tana kaɗawa. Ka ce, "Malam, ji nan. Wanga shi ad daidai da zahin Sakkwato. Wancan wasan yara na." Ka ce kuɗinsu ɗaya, kuma wannan ma yana ɗumi. Mutanen da ke zaune a bencin shagon duk suka ce haka ne, esi ai wanda ya fi cizo ake saye. Na lura haka ake zaɓen esi a garin nan: a tsaya a gabansa, wanda ya fi saurin sa mutum tsuma shi ne mai kyau. Ga mai lafiya wataƙila haka ne. Baba bai nemi rasit ba, domin sahu ɗaya kuke tsayawa a masallacin Juma'a, ya ce neman takarda a hannunka kamar tuhuma ne.

Na biyu, kafawa. Ma'aikatanka sun zo Baba yana makaranta. Inna ta nuna musu bangon da ke nesa da gado. Suka ce bututun da aka ba su ba zai kai ba, suka kafa shi a saman gadon Luba, iskarsa na sauka daidai ƙirjin wanda ya kwanta. Suka ce a toshe ƙasan ƙofa da tsumma, a rufe taga kada sanyi ya tsere. Rimot ɗin da suka bari ba nasa ba ne, irin na kasuwa ne da ake cewa yana yi wa kowane. Yana kunnawa, yana kashewa, shi ke nan. In ka danna ƙari ko ragi, lamba tana hawa tana sauka a gilashin rimot, amma iskar ba ta san ana yi ba. Inna ta ce su gwada mana ɗumin. Suka yi dariya suka ce, "Hajiya, wa ka gwada ɗumi cikin wanga zahi? Ku bari ɗari shi zo." Sannan suka ce a riƙa barin makunnin bango a kunne, in an kawo wuta da kansa zai tashi, wai nan ne daɗinsa.

Na uku, aikinsa. Na maƙwabta na ji yana yi yana hutawa. Namu ba ya hutawa. In ya fara, sai ɗakin ya koma kamar cikin firjin masu ƙanƙara. Muka koma gadinsa: a kunna, ɗaki ya ɗan huce, a kashe, zafi ya dawo, a sake kunnawa. Baba ya zo ya faɗa maka. Ka ce alamar lafiyar inji ke nan, wasu nema suke ba su samu ba, kuma za ka aiko da rimot ɗinsa na asali. Har yau muna jira.

Na huɗu. Wannan ne na fi jin nauyin rubutawa.

A makon nan da aka yi kwanaki babu wuta, zafi ya kai inda ko tsuntsu ba ka ji da rana. Ka san abin da kowane gida ke yi bayan azahar: a jiƙa zane, a matse, a lulluɓa a kwanta. Matan gidanka ma na tabbata suna yi. Luba ba ta cika yi ba, amma ranar numfashi ma da ƙyar ake ja. Inna ta tafi gaisuwar rasuwa, ni ina Islamiyya. Luba ta sha maganinta, ta lulluɓa da jiƙaƙƙen zane, barci ya ɗauke ta. Aka kawo wuta. Esin ya tashi da kansa, kamar yadda aka yi mana alkawari, a ɗakin da aka toshe ƙofa da taga, a kan yarinya mai sikila da ke cikin jiƙaƙƙen zane.

Da na dawo bayan la'asar na ji ƙararsa tun daga zaure, har na yi murna an kawo wuta. Na tura ƙofa, sanyi ya mare ni. Luba na dunƙule a gefen gado, haƙoranta na haɗuwa, leɓenta ya canja launi. Ta farka tuntuni, amma ciwon ya riga ya kama ƙafafunta da bayanta, ta kasa miƙewa. Rimot yana kan taga tana kallonsa. Ta yi ta kira, ƙarar injin ta danne muryarta. Abin da ta iya ce mini kawai shi ne, "Saude, kashe shi."

Madam Rifkatu maƙwabciyarmu, malamar sakandare, ita ta goya ta a baya har bakin titi, ta tsayar da keke-napep, ta rungume ta har asibiti tana cewa, "Luba, kalle ni, kada ki rufe ido." Ciwon ya hau ƙirji. An ƙara mata jini, an sa mata iskar numfashi. Jarrabawar shiga makarantar koyon jinya da ta shekara tana yi wa karatu, an yi ta tana kwance. Ƙugunta na hagu kuma likitoci sun ce ya taɓu, da sanda za ta fito. Likitan da ya ba mu shawarar esin ya tambayi Baba wane iri aka saya. Da Baba ya faɗa masa, bai yi faɗa ba. Ya dai ce in irin wannan ya sake hawa ƙirjinta, shi ba zai yi mana alkawarin komai ba.

Na biyar, amsarka. Baba ya zo maka daga asibiti ko gida bai biya ba. Ka yi masa jaje, na yarda, ka ce Allah Ya ba ta lafiya. Da ya roƙi a canja da ƙaramin nan, ka ce kayan da aka kafa a bango ba ya dawowa shago. Da ya ce to ko ɗumin ya tabbata yana yi, ka ce, "Haba Malam, wa ka biɗar ɗumi Sakkwato? In ɗari ya zo a hura gawayi." A nan Baba ya gane tun farko ba ya yi. Ya dawo ya zauna a zaure bai cire takalmi ba. Inna ta kai masa ruwa, bai sha ba.

Alhaji, ban ce kai ka ɗora wa Luba sikila ba, da ita aka haife ta. Ban ce kai ka ɗauke wuta ko ka kawo ta ba. Na yarda da ƙaddara kamar yadda aka koya mini. Amma mun zo maka da bayanin mara lafiya, ka ba mu abin da ya daɗe a shagonka kana son ya fita. Ka san injinan nan, mu ba mu san su ba. Abin da ya kawo mu wurinka ke nan.

Ga roƙona.

Ɗaya, ka aiko a cire wannan esin, a kawo ƙaramin nan da Baba ya fara ɗora wa hannu, mai sanyi da ɗumi, da rimot ɗinsa na asali. Kai ka ce kuɗinsu ɗaya. Babu wani babur da za a sake sayarwa.

Biyu, a kafa shi a bangon da Inna ta nuna, ko da bututun zai yi tsawo. A gwada sanyin, a gwada ɗumin a gabanmu, ko da rana tsaka ce. Za mu jure gumin. A kuma hana shi tashi da kansa.

Uku, wanda za ka cire, in za ka sayar wa wani, ka faɗa masa ba ya hutawa kuma ba ya ɗumi. Ka tambaye shi wa zai kwana a ƙarƙashinsa. Gidajen da ke da mai sikila, ko jariri, ko tsoho, suna da yawa a garin nan, kuma yawancinsu irin Baba ne, ba za su nemi takarda a hannunka ba.

A littattafan da nake karantawa, mai kuɗin da ya yi kuskure yakan zo a babin ƙarshe da mota, idonsa da hawaye. Na daina sa ran wannan. Jiya a asibiti na ɗauko wani ina karanta wa Luba, muka iso inda yarinyar ta shiga ɗakin nan mai sanyi. Ta dafa hannuna ta ce, "Tsallake wurin nan, Gimbiya." Ba ta yi dariya ba. Can ta tambaye ni, "Abin nan yana nan?" Na ce yana nan, amma na zare wayarsa na naɗe, na rufe shi da tsohon zanen Inna. Ta ce ita a tsakar gida za ta riƙa kwana. Tsakar gidanmu siminti ne, har bayan magariba ba ya takuwa da ƙafa, ga sauro. Ɗakin kuma, in babu esi, tanda ne. Ruwa bai sauka ba, in ya sauka ya wuce ɗari na tafe.

Ranar Juma'a za a sallame ta. Ban san inda za mu kwantar da ita ba.

Allah Ya yi wa kasuwarka albarka, Ya tsare 'ya'yanka daga ciwon da ba ya jin magani, kada Ya nuna maka ranar da za ka tura ƙofa ka tarar da abin da na tarar. Allah Ya sa ka karanta wannan da zuciya mai taushi.

In ka aiko, ko ka zo da kanka, gidan ne mai bishiyar dogon yaro a ƙofa. Ba sai ka ce mini komai ba, ni ma ba zan iya ɗaga ido in kalle ka ba. Zan dai buɗe ƙofar ɗakin in nuna maka bangon. Don Allah, kafin Juma'a.

Wassalam.

'Yarka,
Saudatu Umaru,
Gidan Dahala, Sakkwato.