Minsharin Gidanmu

Ingila, Nuwamba 1986

Zuwa ga Yaya Mudi, Mahuta.

Bayan gaisuwa, ina fatan kana lafiya, da Inna da Mero da yara. Yaya auduga bana?

Ni lafiya lau, karatu na tafiya. Sai dai Lateef, ɗan Funtuwa da muke ɗaki ɗaya, ya matsa mini na je asibiti. Ya ce numfashina kan ɗauke in ina minshari.

Likita ya tabbatar, ya kuma auna jinina. Ya ce kitse ya yi yawa a ciki, kuma in hakan ya haɗu da ɗaukewar numfashi, zuciya ce ke wahala. Ya hana ni maiƙo. Ba wani abu ba ne, kada ka gaya wa Inna.

Ya tambayi masu irin minsharin a gidanmu, na ce kai da marigayi Baba. Da na ce Baba kwanciya ya yi bai tashi ba, sai ya ce kai ma ya kamata a duba ka.

Don Allah ka je asibitin Malumfashi a auna jininka. Kada ka jira a gama girbi.

Allah ya bar mu tare.

Ƙaninka,
Abdussamad