Suwic Biyu a Ɗaki Ɗaya

Stapleton, Asabar, 27 ga Oktoba, 2012

Zuwa ga matata Turai,

Assalamu alaikum. Barka da Sallah. Ina fata kina lafiya, ke da Amal. Yaya ƙafar Inna?

Turai, ko naman layya na kasa ci. Kin tuna gidan kula da tsofaffi mai hawa shida da na ja wa wayoyin kwamfuta bara, wanda na ishe ki da labarinsa? Ni da na tsaya a sakandare na kayar da masu digiri na karɓi aikin. Dabarata ita ce komai biyu-biyu. Kowane hawa wayoyi biyu, kowace da bangon da take bi ta sauka zuwa babban suwic, wato akwatin da ke raba saƙo a ginin. Suwic ɗin ma biyu ne, in ɗaya ya mutu ɗayan ya ɗauka nan take. Ƙararrawar da tsoho ke dannawa daga gadonsa ya kira nas, ta cikinsu take bi.

To, duka biyun a ɗakin ƙarƙashin ƙasa na kafa su, kafaɗa da kafaɗa. Na yi tunanin ɓera, na yi tunanin ɗaukewar wuta. Teku kam bai zo mini ba. Bakano ina ya san teku? Ga shi ana ta sanarwar guguwa za ta iso Litinin, kuma daga ƙofar ginin ana hango ruwa. An ce ba za a kwashe tsofaffin ba.

Tun ana aikin Akosua, shugabar nas-nas, 'yar Ghana, ta tambayi dalilin haɗa su wuri ɗaya. Na ce ta ji da allurarta.

In na yi shiru, ruwa za a zarga, sunana ya tsira. Amma da na rufe ido sai in ga hannu yana ta danna ƙararrawa, ba mai zuwa. Tsoro nake ji. Ki sa Inna ta yi mini addu'a, kar ki faɗa mata dalili.

Mijinki,
Zayyanu

Laraba, 31 ga Oktoba

Turai,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kuna lafiya. Ni ina raye, alhamdulillahi.

Lahadi da safe na je na faɗa wa manajan gidan gaskiya, Akosua na tsaye. Na jira gori daga Akosua. Makullin wani sito a hawa na uku kawai ta miƙo mini. Na kira Boubacar, abokin aikina ɗan Maraɗi, muka ɗauko suwic ɗaya muka hau da shi, muka shiga juya wayoyi hawa-hawa. Zuwa azahar ɗin Litinin mun gama biyar. Wayar hawa na shida ta ƙi kaiwa, shaguna kuma duk a rufe. Akosua ta zuba nas-nas a barandar hawan, ƙofofi a buɗe, su saurara da kunnensu.

Ruwan ya zo. Ɗakin ƙasa ya cika har rufi, suwic ɗin can ya tafi. Janaretan da ke kan rufin gini ya tashi, suwic ɗin da muka hau da shi ya riƙe. Wata tsohuwa a hawa na biyar numfashi ya sarƙe mata, ta danna, aka zo a kan lokaci. Da aka gaya mini, a ƙasa na zauna.

Kar ki yi murna tukuna. Akwai wasu gine-gine huɗu da na yi wa irin wannan aikin sak, biyu daga ciki asibitocin unguwa ne. Ba a yi musu ambaliya ba, amma bututu ɗaya in ya fashe ya isa. Gobe zan fara bin masu su ɗaya-ɗaya. Na farkon shi ne mutumin da yake gabatar da ni ga jama'a da sunan injiniya.

Ki shafa mini kan Amal.

Naki har kullum,
Zayyanu