Baba Ba Zai Biyo Ma'azu Ba

Guangzhou, ƙasar Chana.

Zuwa ga Yayana Umar Faruƙ,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwar girmamawa irin wadda ta dace ƙanwa ta yi wa babban wanta, ina fatan wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti Saffana da yara da duk wanda ke ƙarƙashin inuwarka. Allah Ya ƙara maka lafiya da buɗi, Ya kai mu bikin 'yarka Firdausi lafiya, Ya sa gidan zamanta ne. Mu nan sai godiya. Maigidana Muhammad Sani kullum yana tsakanin kasuwannin Baima da Shahe wajen haɗa kaya, ga zafi ga ruwan sama, sun hana kowa sakat. 'Yata Surayya ta yi tsawo har ta kusa kamo ni, bakin nan nata kuwa yana nan daram, kai ma ka san inda ta gado shi. Baba yana gaishe ka, kuma a kansa ne na zauna na ɗauki biro.

Na zaɓi rubutu ne saboda a waya ba ka bari in kai aya. Abokin kasuwancinka Ma'azu, wanda ka ce in haɗa shi da Baba su taho gida a jirgin makon nan, shi zai miƙa maka wannan takarda, kuma shi kaɗai zai sauka a Kano. Kada ka ga laifinsa. Bawan Allah ya zo ya lallashe ni har bakinsa ya bushe, ni ce na ƙi. Fasfon Baba yana hannuna, likitocinsa sun ce da sauran aiki, kuma ba zan katse masa magani a tsakiya ba don wasu sun yi dariya a Gwammaja. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, Yaya, don haka ka yi haƙuri ka karanta har ƙarshe, ko da ranka zai ɓaci.

Na saurari saƙon muryar da ka turo. Ka ce na mayar da dattijo abin wasa, na kai shi cikin kanti yana harbin takarda da bakan yara, yana ihu da kirari irin na mutanen daji, har bidiyon ya kai hannun surukan Firdausi. Ka ce ka sha wuya kafin mutane su daina kiranmu 'ya'yan maharbi su koma kiranmu 'ya'yan Alhaji Barmo, ni kuma na rusa maka a wuni ɗaya. Ka kuma ce tun kaka da kakanni mace ba ta taɓa baka a gidanmu ba. To, na ji. Amma kai bidiyo ka gani, ni kuwa mutum nake jinya, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ka tuna yadda kuka ɗora shi a jirgi bayan ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Wallahi yadda ya zo haka ya zauna. Asibitin nan sun yi ƙoƙari, suna tsittsira masa allurai, suna gasa masa hannu da ƙafa, amma shi ya riga ya sallama. Suka ba shi ƙwallon roba ya riƙa matsawa, ya wurgar da ita ƙarƙashin gado da hannunsa mai lafiya, ya ce shi ba jariri ba ne. Ni nake ba shi abinci a baki, cokali biyu ya kawar da kai. Wuni guda yana fuskantar bango, ko taga ba ya kallo. Magana mafi tsawo da ya yi mini a lokacin ita ce in gaya wa Muhammad Sani ya samo masa farin yadi mai kyau a kasuwa, tunda nan ne gidan yadi, kada a wahalar da ku da neman likkafani. Na shiga banɗaki na kunna famfo na yi kuka mai isata. Ban gaya maka ba a lokacin, don na san nauyin gida ya ishe ka.

Yanzu bari ka ji yadda aka yi har baka ya shigo zancen. Maƙwabciyata Ramatou, 'yar Maraɗi ce mai aika atamfa, ita ta fara jana wurin tun kafin Baba ya zo. Kafaɗata ce ta dame ni saboda jan buhunan kaya, ta ce in zo in gwada abin da ya warkar da tata. Wurin yana saman bene a wani babban kanti a unguwar Liwan, ɗaki ne dogo mai sanyi, an kafa takardu masu zobe-zobe a bango, tsakiyarsu rawaya. Ana tsayawa a bayan layi a ɗana kibiya a saki, kuma ba mai tsallake layin nan sai an busa usur. Tsofaffi na zuwa, 'yan makaranta na zuwa, mata da mazajensu na zuwa. Ni da na je don kafaɗa sai na tarar abin ya shiga raina, domin nan ne kaɗai wurin da kaina yake yin shiru. Eh, Yaya, na riƙe baka, kuma sama ba ta faɗo ba.

Wata Asabar da hantsi ba wanda zan bar wa Baba, sai ni da Surayya muka tura shi a kekensa muka tafi da shi. Ban manta yadda ake korata daga ɗakin da yake rataye kwari da baka a ƙauye ba, ku maza kuna shiga kuna fita, ni ko labulen ba na taɓawa. Na ajiye shi a gefe na ce ya yi mini haƙuri kaɗan. Na ɗana, na saki, na sake ɗanawa. Kawai sai na ji murya a bayana, muryar nan da take tsayar da kare a guje, tana cewa in ɗaga gwiwar hannuna, wai baka nake ja ko guga. Na juya, sai ga Baba ya miƙe wuya, idonsa a buɗe tar, yana huci. Ya ce tunda na riga na yi rashin kunyar ɗauka, to in ɗauka daidai, kada in kunyata shi a gaban baƙi. Yaya, zagin nan ya fi mini duk wata addu'a da na ji a shekarar nan daɗi, Allah na tuba.

Mai wurin, wadda muke kira lawban kamar yadda ake kiran duk mai shago a nan, ta ga abin da ke faruwa, ta kawo masa ƙaramin baka mara tauri. Ya jujjuya shi, ya ja tsaki, ya shinshina bakin kibiyar, ya ce in tambaye ta ina dafin. Surayya ta fassara, matar ta zaro ido tana cewa meyo, meyo, wato babu. Ya ce tabɗi, lallai mutanen nan ba su san yunwa ba. Amma bai mayar mata da shi ba. Ta ɗaura masa bakan a hannun hagu da igiya, tunda yatsun ba sa riƙo, ta matso masa da takardar kusa. Kibiyar farko a kan cinyarsa ta faɗo. Ta biyu ta yi tsalle kamar kwaɗo ta kwanta a gabansa. Na ɗauka zai yi fushi ya ce mu tafi, sai ya ce a sake ba shi. Ranar bai taɓa takardar ba ko sau ɗaya, amma da muka koma gida ya cinye tuwonsa tas, ya ce miyar ba gishiri.

Daga nan shi yake tashina. Kafin in gama shara ya sa hula yana jira a bakin ƙofa. Ƙwallon robar da ya wurgar, da kansa ya sa Surayya ta zaƙulo masa ita, yanzu ko lazimi yake tana hannunsa, wai yatsun banza ne suke ba shi kunya a gaban lawban. An daina ɗaura masa igiya. Yana riƙe kofin shayinsa da hannun da kuka yi wa kuka. Yana miƙewa tsaye ya jingina da ni ya yi harbi, sannan ya zauna. Likitarsa ta gwada ƙarfin hannun ta tambaye ni me muke yi masa a gida, na nuna mata hoto, ta yi dariya ta ce mu ci gaba, kada mu kuskura mu tsaya yanzu. Har yau yana mita wai duk wannan harbi ba a taɓa komawa gida da ko zomo ba, amma ya yaba da dokar layin nan, ya ce haka suke yi a daji, ba a ja tsarkiya in akwai mutum a gaba.

Shi ya ce a ba Surayya baka, ba ni ba. Na tuna masa maganar mata, don in ji ta bakinsa. Ya ce ya haifi maza ya miƙa musu sun noƙe hannu, to wanda ya miƙo hannu shi ake ba, kuma wannan baka ba dafi ba asiri, me zai karye. Ranar da kibiyarta ta fara shiga rawayar nan, ranar ce ya ɗaga hannu ya saki kirarin da ka ji a bidiyo, har 'yan Chana suka tsaya suna tafi. Yarinya ta ji daɗi ta tura wa dangi don su ga Kakanta ya samu sauƙi. In da laifi a nan, nawa ne, kada a taɓa mini 'ya. Kai ka ji ihun mutanen daji, ni kuwa na ji mutumin da ya yi odar likkafaninsa yana kiran sunan ubansa da ƙarfi.

Haba Yaya! Kai da kake cewa duk al'adun farauta camfi ne, yau kai ne kake kafa mini hujja da su? Ka zaɓi ɗaya mana. Kuma wace kunya ce a cikin baka? Da naman daji aka saya maka allo da littafi, da fatar da ya jeme aka haɗa maka jarin farko. In surukan Firdausi ba za su iya haɗa zuri'a da jikar maharbi ba, gara su sani tun yanzu, domin jinin yana jikinta ko an faɗa ko an ɓoye. Na san abin da kake so: a naɗa masa rawani, a zaunar da shi a kan kujera ranar ɗaurin aure, ya yi shiru ana wucewa ana gaishe shi. In na turo shi yanzu za ka samu hakan, shiru kam za ka same shi har ya ishe ka. Ni ban yarda ba. In likita ta sallame shi kafin biki, ni da kaina zan kawo shi, da ƙafarsa. In ba ta sallame shi ba, a ɗaura, albarkarsa za ta iso ku daga nan. Ina ƙaunarka, ina girmama ka, ban manta da ɗawainiyar da ka yi da mu ba tun rasuwar Inna, amma a kan wannan ko kai ne ka zo da kanka sai dai mu yi ta.

Ban ɓoye wa Baba saƙonka ba, domin ba yaro ba ne. Ban kunna masa muryar ba, na dai gaya masa kana so ya koma gida, kuma ba ka ji daɗin bidiyon ba. Ya daɗe yana matsa ƙwallonsa. Can ya ce Faruƙu yaron kirki ne, tsoron bakin mutane ne kawai ya yi masa yawa, in ya ga hannun da idonsa zai huce. Sannan ya ba ni saƙo gare ka. Ya ce in Ma'azu zai dawo, ka ba shi bakansa na gida, wanda ya gada wurin mahaifinsa, da ke rataye a bayan ƙofar ɗakinsa. Ya ce a goge shi da man shanu a naɗe a tsumma, a bar kibau a can kada a samu matsala a filin jirgi. Yana so ya damƙa wa Surayya da hannunsa na hagu, ya nuna mata irin abin da ake kira baka.

Yaya, ƙaninmu Sabiru ya gaya mini abin da ka yi da bakan nan a satin da Baba yake kwance a asibitin Kano, ranar da ka sa aka share ɗakinsa aka cinna wa tarkace wuta a bayan gida, har da shi. Ban faɗa masa ba, kuma ba zan faɗa ba. Ba zan kuma yi masa ƙarya in ce ya ɓace a hanya ba. Kullum in mun dawo daga harbi yana tambayata ko Ma'azu ya tashi. Wayata tana kusa da shi bayan la'asar ɗinmu. Kai za ka kira, kai za ka gaya masa da bakinka.

Ka gaishe mini da Anti Saffana da kyau, da amarya Firdausi, ka ce mata lesinta yana cikin kayan Ma'azu. Ka gaishe da Gwaggo Fasuma, Allah Ya ƙara mata sauƙin ƙafa, da Sabiru da iyalinsa, kuma kada ka tsangwame shi, ni na matsa masa. Muhammad Sani da Surayya suna miƙa gaisuwa. Allah Ya sanyaya zuciyarka, Ya bar mu tare, Ya ja da ran Baba.

Ƙanwarka da ba ta canza ba,
Hasiya Barmo